Jadawalin makarantunmu da yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ko ta NECO ya fito, muhawara iri ɗaya ce take tashi a Bauchi, a gidajen rediyo da majalisun bakin titi da shafukan sada zumunta. Wasu su ɗora laifi a kan malamai, wasu a kan gwamnatin da ta bar azuzuwa babu rufi babu kujeru, wasu kuma su ce yaran yanzu ne ba sa son karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Kowanne daga cikin waɗannan zarge-zarge yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai wani abu da ban cika jin an ambata ba, alhali gyaransa ba ya buƙatar kwangila ko ƙarin kasafin kuɗi, wato yadda muke raba lokacin darasi da na bita da na barci a cikin zangon karatu. Ra'ayina shi ne cewa tsarin da muka saba da shi, inda ake koyar da darasi sau ɗaya a wuce, sannan a tara bita gaba ɗaya a mako guda kafin jarrabawa, yara kuma su cike giɓin da kwanan zaune, ya saɓa wa abin da aka sani game da yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abin da ta koya.

Shekarar karatu zango uku ce, kuma a kowane zango malami yana da manhaja wadda ta tsara masa abin da zai koyar mako bayan mako. Idan mai duba makarantu ya zo, abin da yake nema shi ne littafin shirin darasi da shaidar cewa malami ya kai inda ya kamata ya kai. Saboda haka darasin da aka yi a mako na biyu ba zai sake jin ƙamshin allo ba sai a makon bita, bayan wata biyu ko fiye, lokacin da yawancin 'yan aji sun manta ma an taɓa yinsa. Daga nan sai hankali ya tashi. A makarantun kwana za ka tarar da yara bayan an kashe fitilu sun raɓe a barandar aji da 'yar tocila a baki, wani ya tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, wani yana tauna goro, wani ya kaɗa garin kofi a cikin lemon kwalba. A unguwannin ɗalibai irin su Yelwa da Gwallameji kuwa, abin ya zama al'ada har da suna, TDB, wato karatu har wayewar gari. Iyaye ma sukan yi alfahari da hakan. Uba zai zo makaranta ya ce, "Malam, yaron nan fa yana ƙoƙari, kwana yake yi bai runtsa ba," yana faɗa yana murmushi, kamar wanda yake ba da labarin ibada.

Domin a gane inda matsalar take, dole a ɗan leƙa cikin kai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana musayar saƙo da dubban 'yan'uwanta. Ba a manne suke da juna ba: tsakanin bakin wadda take aikawa da jikin wadda take karɓa akwai ɗan sarari da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba, kuma wannan wuri shi ne mahaɗar jijiyoyi. Tun a 1894 masanin Sifaniya Santiago Ramón y Cajal ya faɗa a wata lacca da ya gabatar a Landan cewa mai yiwuwa koyo yana faruwa ne ta hanyar ƙarfafa waɗannan mahaɗai, ba ta hanyar haihuwar sababbin ƙwayoyi ba. A 1949 Donald Hebb na Kanada ya ƙara fayyace tunanin, ya ce idan wata ƙwaya tana yawan taimakawa wajen tayar da wata, to alaƙar da ke tsakaninsu za ta yi ƙarfi. Amma duka wannan hasashe ne, babu wanda ya ga abin da idonsa.

Wanda ya fara gani shi ne Terje Lømo, matashin mai bincike a ɗakin gwajin Per Andersen da ke birnin Oslo na ƙasar Norwe, a 1966. Yana aiki ne a kan zomaye da aka yi wa allurar barci, a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus. An riga an san muhimmancin wannan sashe, domin a 1953 an yi wa wani Ba'amurke mai fama da farfaɗiya, Henry Molaison, tiyatar da ta cire masa mafi yawansa ta ɓangarorin biyu, kuma daga ranar har mutuwarsa a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon labari ko sabuwar fuska yadda mutane suke yi ba, duk da cewa hankalinsa da maganarsa suna nan lafiya. Lømo yakan aika ɗan bugun lantarki guda ɗaya ta wata hanyar jijiyoyi, ya auna girman amsar da ƙwayoyin da ke gaba suka bayar. Sai ya aika jerin bugu masu sauri na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya koma ga bugu ɗaya irin na farko. Amsar ta fi ta da girma, kuma ta ci gaba da zama haka har tsawon sa'o'i. Shi da Tim Bliss na Ingila suka bi diddigin lamarin, suka wallafa cikakken bayaninsa a 1973. Wannan shi ne ƙarfafar mahaɗa mai ɗorewa, wadda masana suke taƙaitawa da haruffan LTP.

Yadda abin yake aukuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne hujjata take. Ƙwayar da take aikawa tana fesa wani sinadari mai suna gulutamet a cikin ɗan sararin nan, ita kuma mai karɓa tana da ƙofofi iri biyu da suke jiransa. Iri na farko, AMPA, yana buɗewa da zarar sinadarin ya taɓa shi, sodiyam ya shiga, saƙo ya wuce, kuma wannan shi ne aikin yau da kullum. Iri na biyu, NMDA, yana da sharaɗi: ko da gulutamet ya zauna a kansa, akwai ƙwayar magniziyam da ta toshe bakinsa, kuma ba ta fita sai idan ita kanta ƙwayar jijiyar mai karɓa ta riga ta ɗauki caji sosai. Ke nan sai ɓangarorin biyu suna aiki a lokaci ɗaya ƙofar take buɗewa, kamar yadda Hebb ya yi hasashe. Idan ta buɗe, kalsiyam yakan kwarara ciki ya tayar da wani furotin mai suna CaMKII, shi kuma ya sa a ɗauko ƙarin ƙofofin AMPA daga cikin ƙwayar a dasa su a bakin mahaɗar, har ɗan tsiron da mahaɗar take zaune a kansa ya ƙara girma. Gobe idan saƙo iri ɗaya ya zo, zai tarar da ƙofofi da yawa, amsar ta fi ƙarfi. Graham Collingridge ne da abokan aikinsa suka nuna a 1983 cewa idan aka toshe NMDA da magani, ƙarfafar ba ta faruwa. A 1986 kuma Richard Morris ya saka ɓeraye a wani kwarmin ruwan da ba a ganin cikinsa, wanda aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashinsa. Ɓerayen da ba a taɓa ba sun koyi inda dandamalin yake, waɗanda aka toshe musu NMDA kuwa suna iyo lafiya lau amma sun kasa riƙe wurin. Bliss da Collingridge da Morris sun raba babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Denmak a 2016 saboda waɗannan ayyuka.

To sai dai ƙarfafar tana da mataki biyu, kuma a nan ne makon bita yake cin amanar yaranmu. Mataki na farko yana amfani ne da kayan da suke nan a ajiye, saboda haka yana da sauri, amma yakan shuɗe cikin sa'o'i kaɗan. Mataki na biyu, wanda yake iya kai kwanaki da makonni, yana buƙatar saƙo ya isa cibiyar ƙwayar, a kunna wasu ƙwayoyin gado, a ƙera sababbin furotin, a kai su mahaɗar da ta yi aiki. Idan aka ba dabba maganin da yake hana ƙera furotin, za ta koya, ta kuma tuna bayan awa ɗaya, amma washegari babu komai. Eric Kandel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya nuna wannan a jikin wani dodon koɗin teku mai manyan jijiyoyi: taɓawa ɗaya tana barin tunawa ta mintuna, taɓawa huɗu ko biyar da tazara a tsakaninsu kuwa suna barin tunawa ta kwanaki, har da tsirowar sababbin mahaɗai. A 1994 Tim Tully da abokan aikinsa suka horar da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace su guji wani ƙamshi. Rukuni ɗaya aka yi masa horo goma a jere babu hutu, ɗayan kuma horo goma da hutun minti 15 a tsakanin kowanne. Yawan horon ɗaya ne, amma na farko sun manta cikin kwanaki kaɗan, na biyu kuwa suna tune bayan mako guda. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka gwada abin a kan yankakken hifokamfus na ɓera kai tsaye, suka ga cewa maimaita bugun lantarki bayan 'yan mintuna ba ya ƙara komai, amma idan aka jira awa guda ƙarfafar takan ƙaru sosai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ginin ƙasa a Misau ko Ningi ya ga irin wannan. Magini ba ya ɗaga katanga daga tushe zuwa sama a yini ɗaya ko da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa sun wadata, sai ya jera sahu kaɗan ya bar su su sha iska su kama, sannan ya dawo ya ɗora. Wanda ya yi gaggawa ya tara danyen gini a kan danye zai ga katanga ta tashi da yamma, ya kuma same ta a ƙasa ba da daɗewa ba.

Wani zai ce ɓera daban, ɗalibin aji uku na sakandare daban, kuma yana da gaskiya. Yankakken nama a cikin kwanon gwaji ba ya zana jarrabawar lissafi, kuma ilimin ɗan Adam ya wuce abin da mahaɗa ɗaya take yi. Amma gwajin da aka yi da mutane ya riga na dabbobi, kuma wuri ɗaya suka nufa. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna mantuwa a kan kansa, ya ga cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka karanta shi suka sake karantawa har sau huɗu, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku ba tare da duba takarda ba. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda sun riƙe kashi 40 cikin 100 ne kawai, masu ƙoƙarin tunowa kuwa kashi 61. Wannan sakamako ya bayyana dalilin da ya sa kwanan zaune yake yaudarar mutum. Yana aiki da gaske, amma na gobe da safe kaɗai. Yaro zai iya cin jarrabawar zango na farko da shi, ya shiga zango na biyu kamar bai taɓa ganin darasin ba, malami kuma ya ɗora sabon darasi a kan tushen da babu shi.

Barci kuwa, wanda shi ne abu na farko da ake sadaukarwa, yana cikin aikin koyon ne. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka saurari ƙwayoyin hifokamfus na ɓeraye, suka ga cewa waɗanda suka yi aiki tare lokacin da ɓeran yake yawo a wani wuri sukan sake yin aiki tare lokacin da yake barci, wato ƙwaƙwalwa tana yin bitar kanta. A 2009 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka hana ɓeraye barci na awa biyar kacal, suka tarar cewa nau'in ƙarfafar nan mai ɗorewa ya raunana a hifokamfus ɗinsu. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka tana ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga 'yan shekara 13 zuwa 18. A yi lissafi da makarantar kwana inda ake tashi daga karatun dare wajen ƙarfe goma, a tayar da yara kafin asuba don ɗiban ruwa da shara: ko a ranar da babu jarrabawa awa bakwai ba ta cika ba, kuma ƙananan ɗalibai, waɗanda manya suke aika wanki da guga, su ne suka fi cutuwa. Lokacin ƙailula da yake rubuce a jadawalin makarantu da yawa ya zama lokacin ƙarin darasi ko aikin horo. Goro da kofi ba sa maye gurbin abin da aka rasa, domin abin da sinadarin kafin yake yi shi ne toshe saƙon gajiya, mutum ya daina jin barci alhali aikin da barcin zai yi bai yiwu ba. Ɗaliban jeka-ka-dawo ma ba su tsira ba, musamman 'ya'yan masu hali a GRA da makamantanta, waɗanda ake ɗauka daga boko zuwa lesin, daga lesin zuwa Islamiyya, daga nan zuwa malamin gida, har yaro ya riƙa gyangyaɗi a bayan mota.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa ba mu buƙatar zuwa Oslo kafin mu ga tsarin da ya dace, domin yana nan a zaurukanmu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai ba tare da dubawa ba, kuma wankewar ba ita ce rabuwa da karatun ba, tunda tilawar safe da ta dare za su dawo da shi kan abin da ya wuce. Gardi ya san cewa izun da ya bari mako biyu bai taɓa ba zai fara yi masa gardama. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ma yana da adadin da yake karantawa kullum har ƙarshen rayuwarsa. Makarantun haddar zamani sun raba aikin yini gida uku, sabuwar hadda da murajaʼa ta kusa da murajaʼa ta nesa. Asalin wannan yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Duk abubuwan da binciken ya nuna suna nan a wannan tsari: ana tunowa da ka, ana dawowa bayan tazara, kuma babu ranar da ake cewa an gama da wani sashe. Sau da yawa yarinya ɗaya ce take riƙe izu ashirin daram, amma ta kasa tuna darasin kimiyyar da aka yi mata wata biyu da suka wuce, sai malaminta na boko ya ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne cewa wani karatun ana komawa kansa kullum, wani kuwa sau ɗaya aka nuna mata shi.

Ba ina cewa a mayar da lissafi da kimiyya hadda ba ne. Ita kanta ƙarfafar mahaɗa tana da wata siffa da take nuna muhimmancin fahimta: saƙo mai rauni wanda shi kaɗai ba zai iya buɗe NMDA ba yana iya samun ƙarfafa idan ya zo daidai lokacin da wani saƙo mai ƙarfi ya riga ya tayar da ƙwayar. Malamai sun daɗe da sanin cewa sabon abu ya fi zama idan aka jingina shi da wanda yaro ya riga ya sani. Yaron Toro da ya taso a gonar dankali ya san taki da ciyawa da tsutsa, kuma darasin tsirrai zai kama shi idan aka faro daga nan. Idan kuwa aka ba shi jimlar Turanci da bai san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba ya kwafa daga allo, to ba shi da inda zai rataye ta.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɗauko daga tsangaya ko daga boko ba, wato bulala. Masu kare ta sukan ce ai da ita aka koyar da su kuma ga shi sun zama mutane. Abin da bincike ya nuna shi ne cewa tsoro yana ƙarfafa mahaɗai ƙwarai, amma a wani sashe daban mai suna amigdala, wanda aikinsa shi ne tuna haɗari, kuma an nuna hakan a jikin ɓeraye a 1997. A ɗaya gefen, tun a ƙarshen shekarun 1980 aka ga cewa ɓeran da aka jefa cikin matsanancin firgici ƙarfafar mahaɗa takan raunana a hifokamfus ɗinsa. Yaron da ake zane wa saboda jadawalin ninkawa yana koyon wani abu da kyau, kuma ba zai manta da shi ba: fuskar malamin, da ƙarar dorina, da faɗuwar gaban da take zuwa masa duk lokacin da aka ce lissafi. Na sha ganin manyan mutane masu iyali da suke rikicewa idan aka ce su yi ɗan lissafi a gaban jama'a, alhali a kasuwa ba a iya cutarsu ko naira ɗaya.

 

Abin da nake nema daga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Bauchi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, bai wuce sauya 'yan layuka a takarda ba. A ware minti goma na farkon kowane darasi domin tambayoyi uku ko huɗu, ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, littattafai a rufe, babu maki babu duka, yara su rubuta amsa sannan a gyara tare. Gwaje-gwajen cikin zango, waɗanda aka shigo da su tsarin iliminmu tun zamanin 6-3-3-4 da nufin kada makomar yaro ta rataya a kan jarrabawa ɗaya, su riƙa haɗawa da darussan baya maimakon na makonni biyun da suka gabata kawai. Jarrabawar zango na uku ta zama ta shekara gaba ɗaya da gaske, kuma a sanar da yara hakan tun ranar farko. A makarantun kwana a tsayar da lokacin kashe fitila, a kare lokacin ƙailula, a hana manyan ɗalibai aiken ƙanana da dare, kuma waɗannan shugaban makaranta zai iya yinsu a wannan zangon ba tare da jiran takarda daga hedikwata ba. Kwalejojin ilimi suna koyar da tunawa da mantuwa a darasin ilimin halayyar ɗan Adam, amma ɗalibin malanta yakan haddace Ebbinghaus ne a daren jarrabawa ya manta da shi bayan mako guda. Ya kamata a auna shi a kan wannan a lokacin koyarwar gwaji, a gani ko yana dawo da ajinsa kan darasin baya.

Na san amsar da abokaina malamai za su ba ni, domin na ji ta a ɗakin malamai ba sau ɗaya ba. Za su ce aji mai yara fiye da ɗari ba a yi masa gwaji kullum, manhaja ta yi tsawo, kuma yaron da ya zo makaranta bai karya ba babu dabarar da za ta sa karatu ya zauna masa. Maganar yunwa gaskiya ce, kuma jadawali ba ya maganinta. Maganar yawan yara kuwa tana da mafita, tunda ba a ce malami ya kwashi takardu ɗari ya kai gida ba: yara su musanya littattafai da na kusa da su, malami ya faɗi amsa, a ɗaga hannu ya ga inda aka fi faɗuwa. Amfanin yana cikin ƙoƙarin tunowar da yaro ya yi, ba cikin jan biron malami ba. Batun tsawon manhaja shi ne ya fi nauyi, domin minti goma daga cikin arba'in kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma wani abu zai ragu. Amma jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suna tambaya ne a kan karatun shekara uku, daga aji ɗaya na babbar sakandare zuwa aji uku, saboda haka malamin da ya gama manhaja alhali ɗalibansa sun zubar da kashi mafi yawa a hanya bai gama komai ba. Wannan zubewar ce take tura iyaye biyan kuɗin lesin a shekarar ƙarshe don a sake koyar da abin da aka riga aka koyar, kuma ita ce take tura wasu yaran neman satar amsa, domin sun zauna a aji shekara uku sun fito hannu rabbana.

Duka wannan ba zai tabbata ba muddin mai duba makarantu yana auna malami da yawan shafukan da ya rufe, saboda malami, kamar kowane ma'aikaci, abin da ake tambayarsa shi yake yi. Idan jami'in ya zo a mako na tara, bayan ya duba littafin shirin darasi, sai ya shiga aji ya rubuta tambayoyi biyar daga darasin mako na uku a allo, ya ba yara minti goma, ya ƙirga waɗanda suka amsa, ya sa adadin a rahotonsa kusa da sunan makarantar.